Likita Mila na Zazzau (1872–1952) da Asalin Jama'ar Wusasa

Gabatarwa

Duk baƙon da ya kwana a garin Zuru ran Asabar, ya wayi gari ran Lahadi, zai ga abin da ya jawo rubuta wannan maƙala. Kafin hantsi ya dubi ludayi zai ga mutane, maza da mata da yara, suna ɗungumowa daga unguwanni da ƙauyuka na kewaye, sun nufi majami'u. A cikinsu akwai Dakarkari, watau Lelna, akwai Fakkawa da Dukkawa da Kambari, kowa da harshen gidansu. Amma da zarar sun hallara, galibi da Hausa za a yi karatu da waƙa da wa'azi. Mai lura zai yi wa kansa tambaya biyu. Ta farko, me ya sa lalle sai sun taru, alhali kuwa da yawansu suna da Littafi Mai Tsarki a ɗakunansu, suna kuma iya karanta shi? Ta biyu, yaya aka yi Hausa ta zama harshen wannan taro a ƙasar da ba ita ce harshen gado ba?

Amsoshin nan biyu sun haɗu a rayuwar wani Bature ɗan mishan, Walter Richard Samuel Miller, wanda za mu kira Likita Mila. A Zazzau ya yi yawancin aikinsa, amma tasirin aikin ya kai har ƙasar Zuru. Manufar wannan maƙala ita ce a bi tarihin rayuwarsa daki-daki, a nuna yadda wahalar da ya sha ta bayyana dalilin da ya sa Kirista ba sa riƙon addininsu a ɗaiɗaice. Ba a yi nufin yabo ko zargi ba, sai dai inda tarihi da kansa ya kawo su.

Kalmomin taro

Ya kamata ɗalibin Hausa ya fara da duban kalmomi, domin su ma suna da abin faɗi. Hausawa suna da sunaye uku da suke yawan amfani da su a nan. Akwai coci, wadda aka aro daga Ingilishi. Akwai majami'a, wadda tushenta na Larabci ne, tushe ɗaya da jama'a da jam'i da Juma'a, har ma da jami'ar da muke karatu a cikinta, duk kuwa ma'anarsu tana komawa ga tarawa. Sa'an nan akwai ikilisiya, wadda asalinta na harshen Girka ne, ma'anarta kuwa taron mutanen da aka kira su hallara. A wurin Kirista, ikilisiya mutane ce, majami'a kuwa ginin da suke haɗuwa a ciki. Ke nan tun daga sunan ma an riga an ɗauka cewa mabiyan suna da yawa kuma suna tare.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Mila a shekarar 1872 a yankin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a asibitin Saint Bartholomew na birnin Landan. Tun yana ɗalibi ya ƙudura niyyar aikin mishan, saboda haka ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da aka sani da CMS.

A lokacin nan hankalin Turawan mishan ya riga ya karkato ga ƙasar Hausa. James Frederick Schön, wanda ya yi aiki da Dorugu, ya fitar da Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, da Sabon Alkawari a 1880. An kafa wata ƙungiya ta nazarin Hausa a Ingila a 1891, Charles Henry Robinson kuma ya fara buga ƙamusunsa a 1899. To, amma duk waɗannan ayyuka a takarda suke, ba su da jama'ar da za ta karanta su a cikin ƙasar Hausa.

Kafin Mila ya taka ƙasar Nijeriya, sai da ya je Turabulus ya zauna cikin Hausawan da ke can, fatake da alhazai da 'yantattun bayi, domin ya koyi harshen daga bakin masu shi. A can ne ya gamu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ke kan hanyar Makka. Yaron nan daga baya ya zama ɗan gidansa kuma mai taimakonsa. Daga wannan koyo ne Mila ya rubuta ɗan littafinsa na nahawu, Hausa Notes, wanda ya fito a 1901.

Tafiyar Kano ta 1900

A farkon shekarar 1900, shekarar da Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, wata tawaga ta mutum biyar ta tashi daga Ikko ta nufi Kano. Shugabanta shi ne Bishop Herbert Tugwell, sauran kuwa su ne Mila da Richardson da Dudley Ryder da Burgin. Sun biyo ta Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su. Da suka isa Kano, Sarki Alu bai yarda da zamansu ba, ya umarce su da su fice daga birnin cikin 'yan kwanaki. Suka juyo suka sauka a Girku, kudu da Zariya. A nan Ryder ya rasu, sauran ma ciwo ya galabaitar da su, tawagar ta watse.

Mila bai saduda ba. Ya koma Ingila ya warke, ya sake dawowa. A tsakanin nan Turawa suka kama Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba, wannan alkawari kuwa shi aka riƙa dogara da shi wajen hana 'yan mishan shiga biranen sarakunan Musulmi. Duk da haka, a 1905 Mila ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, a unguwar Durumin Maigarke. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Abin da aka hana wasu a Kano da Katsina da Sakkwato, shi ya same shi a Zazzau.

Kaɗaici a cikin birni

Shekarun farko sun koya wa Mila darasin da bai karanta a Landan ba. Ya iya Hausa ƙwarai, mutane suna zuwa karɓar magani, malamai suna zuwa muhawara da shi, amma waɗanda suka karɓi addininsa ba su taka kara sun karya ba. Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya san zaman Hausawa. A birni irin Zariya addini a saƙe yake da kowane sha'ani na rayuwa. Da shi ake raɗa suna, da shi ake ɗaura aure, da shi ake raba gado, da shi ake jana'iza. Wanda ya bar addinin jama'arsa shi kaɗai, ya rabu da dukan waɗannan a lokaci guda. Wa zai ba shi 'yarsa? Wa zai zo sunan ɗansa? In ya mutu, wa zai ɗauki gawarsa, a ina kuma za a binne shi?

Saboda haka gidan Mila ya zama mafaka. Yara marayu da 'yantattun bayi da 'yan tsirarun manya da suka bi shi, a nan suke ci, a nan suke karatu, a nan suke addu'a safe da yamma. Sannu a hankali ya gane cewa wa'azi ga mutum ɗaiɗai ba zai tsayar da kome ba, in babu jama'ar da za ta maye wa mutumin gurbin dangin da ya rasa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Isawa da garin Gimi

A shekarar 1913 wani al'amari ya auku wanda ya sauya aikin baki ɗaya. Wasu mutane daga cikin waɗanda ake kira Isawa suka zo wurin Mila. Asalin Isawa yana komawa ga wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda ya zurfafa bincike a kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya ba shi matsayin da malaman zamaninsa ba su yarda da shi ba. An kashe shi a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wajen shekarar 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi wajen Ningi, wasu suka bazu cikin ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Shekara arba'in da 'yan kai suna riƙe da abin da suka gada, gida ɗaya a nan, gida biyu a can.

Ya kamata a lura cewa Isawa tun asali ba Kirista ba ne, daga cikin Musulunci suka fito, kuma ba dukansu ne suka bi Mila ba. Amma waɗanda suka bi shi sun nemi abu biyu, koyarwa da wurin zama tare. Aka samar musu fili a Gimi, cikin ƙasar Zazzau, iyalai suka taso daga inda suke warwatse suka kafa gari, da gonaki da makaranta da majami'a. Wanda ya zauna da su yana koyar da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Wannan ne karo na farko da aka sami gari sukutum na Hausawa Kirista.

Murnar ba ta daɗe ba. Wurin yana da ƙudan tsando, ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa cikin 'yan shekaru. Tilas aka tashi daga Gimi. Aka kwaso waɗanda suka tsira, musamman yara, aka kawo su Zariya wurin Mila. A nan ne amfanin taron ya fito sarari. Da a ce kowane gida yana zaune shi kaɗai, da mutuwar uba ita ce ƙarshen labari. Amma da yake sun riga sun zama jama'a, marayun sun sami masu riƙonsu da makarantar da za su shiga, daga cikinsu kuma aka sami iyayen zuriyar da ta yi suna daga baya.

Ƙaura zuwa Wusasa

Zaman mishan a tsakiyar birnin Zariya bai taɓa kwanta wa hukuma a rai ba, ko ta Turawa ko ta gargajiya. Mila mutum ne mai kaifin harshe. Ya soki mulkin da Turawa ke yi ta hannun sarakuna, ya riƙa kai ƙarar abin da ya ɗauka zalunci ne. Ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka jawo binciken da ya kai ga tuɓe Sarki Aliyu ɗan Sidi wajen shekarar 1920, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. Mu ɗaliban Hausa mun san wannan sarki a matsayin ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙoƙinmu, saboda haka ba abin mamaki ba ne in Zazzagawa da yawa ba su tuna Mila da alheri ta wannan fuska ba. Har ila yau, rubuce-rubucensa a kan sarakunan Fulani da Musulunci suna da zafi da rashin adalci a wurare da dama, wannan kuwa aibi ne da bai kamata a ɓoye ba.

An daɗe ana matsa wa mishan lamba ta fita daga birni, Mila yana turjewa, domin a ganinsa in Kirista suka koma bayan ganuwa za su zama bare a ƙasarsu. A ƙarshe, a shekarar 1929, aka ƙaura zuwa Wusasa, 'yar tazara kaɗan yamma da birnin. Wanda ya jagoranci ginin sabon mazaunin shi ne Rabaran Guy Bullen. Aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, bisa fasalin ginin Hausawa, da hannun maginan Zazzau. Aka kafa asibitin Saint Luke da makarantu. Shi kuwa Mila sai ya koma Kano domin ya ƙarasa aikin fassara.

Tsoron da Mila ya ji yana da kamshin gaskiya, gama Wusasa ta zama gari na dabam, mai al'adunsa. Amma kuma zaman taren ya yi 'ya'ya. Daga wannan jama'a aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham, ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, ya rasu a 1977. Daga cikinta aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Haka kuma John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan jama'a ne.

Dalilan taruwa a addinin Kirista

Abin da Mila ya gano ta hanyar wahala, daman yana nan a cikin koyarwar addininsa. Za a iya kasa dalilan kashi huɗu.

Na farko, manyan ibadu biyu na Kirista ba sa yiwuwa ga mutum ɗaya. Ba wanda ke yi wa kansa baftisma, sai wani ya yi masa a gaban shaidu. Jibin Ubangiji kuwa gurasa ce ake gutsuttsurawa a raba, da ƙoƙon da ake sha tare, domin tunawa da cin abincin da Almasihu ya yi da almajiransa a daren ƙarshe.

Na biyu, umarni ne da misali daga Sabon Alkawari. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 2, ya nuna masu bi na farko a Urushalima suna haɗuwa kullum don koyarwa da addu'a da cin abinci, suna kuma taimakon mabukata daga cikin dukiyarsu. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 10, ta gargaɗi waɗanda suka fara janye jiki daga taro. Bulus kuma, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 12, ya kwatanta ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa, wanda babu gaɓar da za ta wadatu da kanta. An zaɓi Lahadi ne domin a imaninsu ran nan Almasihu ya tashi daga matattu.

Na uku, koyarwa da gyara. A zamanin Mila masu karatun boko kaɗan ne, saboda haka mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi, saura su saurara. Littafin addu'ar da Cocin Ingila ke bi tun 1662 ma an tsara shi ne yadda mai ja zai faɗa, jama'a su amsa. Bugu da ƙari, wanda ke karatu shi kaɗai ba shi da mai nuna masa kuskurensa, ko na fahimta ko na hali.

Na huɗu, ɗaukar nauyin juna, watau suna da aure da jinya da jana'iza da riƙon marayu, kamar yadda labarin Gimi ya nuna.

Mai karatu Musulmi ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ya san falalar sallar jam'i a kan ta mutum ɗaya, ya san kuma Juma'a ba ta inganta sai da jama'a. Addinan biyu sun sha bamban a aƙida, amma sun yi tarayya wajen ganin cewa ibada tana da rabon da ba a sauke shi sai cikin mutane.

Littafi Mai Tsarki na 1932

Babban abin da Mila ya bari shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya da Hausa, wadda aka buga a Landan a 1932. Shi ne jigon aikin, tare da Hausawan da suka taimaka masa da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan, irin su SIM da SUM. An buga ta da boko, domin Mila yana cikin waɗanda suka fi dagewa a kan a rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa maimakon ajami. Wasu abokan aikinsa na CMS ma sun bar sawunsu a wannan fage. Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, G. P. Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934.

Abin mamaki shi ne, Mila ya yi fassarar ne da Hausawan birni a zuciyarsa, amma waɗanda suka fi cin moriyarta su ne ƙabilun da Hausa ba harshen uwa ba ce gare su, a Filato da kudancin Zazzau da Bauci da Adamawa da ƙasar Zuru. A waɗannan wurare harsuna suna da yawa, gari da gari ba sa jin juna. In ana so a yi taro ɗaya, tilas a sami harshe ɗaya, Hausa kuwa ta riga ta shiga ta hanyar kasuwa. Da Littafin ya samu, sai ta zama harshen majami'a da na makarantun koyon Littafi. Har ƙungiyar haɗin kan ikilisiyoyi da aka kafa a 1955 sunan Hausa aka ba ta, wanda daga baya ya zama Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya. A Zuru, 'yan mishan na ƙungiyar da ta haifi ikilisiyar UMCA sun iso a shekarun 1920, su ma da Hausa suka yi yawancin aikinsu. An fitar da sabuwar fassara a 1979, amma ta 1932 ce ta share hanya. Ta haka buƙatar taruwa ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin yaɗuwar Hausa a ƙarni na 20. Wannan ci gaba yana da nasa hasara, domin harsunan gida irin su C'lela sun daɗe ba su sami irin wannan kulawa a rubuce ba.

Ƙarshen rayuwarsa

Mila ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya koma Ingila, inda ya buga littafin tunane-tunanensa, Reflections of a Pioneer, a 1936. Amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya sake dawowa Nijeriya, ya ci gaba da koyarwa da rubuce-rubuce a kan makomar ƙasar. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1952, yana da shekara 80.

Kammalawa

In aka auna Mila da burin da ya zo da shi a 1900, watau juyar da biranen Hausa, to, bai ci nasara ba, Kano da Zariya suna nan a kan Musuluncinsu. Abin da ya wanzu bayansa shi ne wanda aka yi shi cikin jama'a: 'yan gidansa na Durumin Maigarke, marayun Gimi, garin Wusasa, da Littafin da ake karantawa da ƙarfi a gaban taro. Mutanen Zuru ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan. A al'adar golmo ta Dakarkari, saurayi ba ya noman gonar surukansa shi kaɗai, da 'yan'uwansa samari yake zuwa, yau a yi tasa, gobe a yi ta wani, har shekarun su cika. Da irin wannan fahimta ce Kiristan ƙasar suke fita ran Lahadi. Ya rage ga masu nazarin Hausa su bi diddigin irin Hausar da ake yi a waɗannan majami'u, kalmominta da karin waƙoƙinta, domin fage ne mai faɗi da ya cancanci bincike na musamman.